Darasi na 11: Ruwan Sama, Kwata da Kogin Jakara

Abin da darasin ya ƙunsa

Kowa ya san inda ruwan sama yake fitowa, amma kaɗan ne suke tambayar inda yake zuwa bayan ya bar ƙofar gidansu. A wannan darasi za mu ga abin da yake kwasa a hanya, da mutanen da yake sauke wa kayan. Akwai ɗan lissafi a ciki, don haka ku ajiye biro da takarda kusa. Kogin Jakara na birnin Kano za mu ɗauka misali, amma duk mazaunin gari yana da irin nasa: Zazzagawa suna da Kubanni, Katsinawa suna da Ginzo, mutanen Yamai suna da Gunti Yena.

Jakara jiya da yau

Jakara ta girmi ganuwar Kano. Tarihin sarakunan Kano ya ambace ta tun a labarin zamanin Barbushe, lokacin da kurmi ya kewaye ta. A gefenta Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499) ya kafa Kasuwar Kurmi. Da matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya zo Kano a 1851, ya tarar da ita ta raba birnin gida biyu.

Daga yammacin tsohon birni take tasowa, ta wuce ta gefen Kurmi, ta fita ganuwa, ta ratsa Fagge da gefen Sabon Gari, ta miƙa arewa maso gabas. A hanya rafin Gogau yana zubo mata nasa ruwan, rafin Getsi kuma yana kawo mata na rukunin masana'antun Bompai. Daga nan sai madatsar ruwa ta Wasai a Ƙaramar Hukumar Minjibir, wadda aka gina a 1976.

Yaron da aka haifa a Fagge yau, in ka ce masa Jakara kogi ce, dariya zai yi maka. Shi dai babbar kwata ya sani, mai baƙin ruwa da wari. Ba laifinsa ba ne. A ƙidayar 1963 mutanen birnin Kano ba su cika 300,000 ba. A ta 2006, ƙananan hukumomi 8 na birni da kewaye sun haura mutum miliyan 2.8. Jama'a ta ninka kusan sau goma, kogin kuwa yana nan yadda yake. Sannan mafi yawan unguwanni ba su da bututun ƙarƙashin ƙasa da zai kai ruwan ƙazanta wurin da za a tace shi. Kwatar da take ɗaukar ruwan wanka da na wanke-wanke, ita ce dai take ɗaukar ruwan sama, kuma duk inda ta bi ta zaga, a kogi take ƙarewa.

Ƙazantar da take shiga kogi iri biyu ce. Akwai wadda za a iya nuna ta da yatsa, kamar bututun masana'anta ko magudanar mayanka. Wannan tana da mai ita, hukuma za ta iya zuwa ta ci shi tara ko ta rufe wurin. Akwai kuma wadda take fitowa daga ko'ina: daga titi, daga bola, daga garejin bakanike, daga turken awaki, daga ƙofar gidana da taku. Babu wanda za a kama, don kowa kaɗan ya zuba. Ruwan sama ne yake tattara ta ya haɗa wuri ɗaya. Ita ce batun darasinmu.

Nawa ne ruwan?

Da milimita ake auna ruwan sama. Ƙa'idar da za ku haddace ɗaya ce: ruwan milimita 1 da ya sauka a kan fili mai murabba'in mita 1, lita 1 ne.

Mu ɗauki rufin kwano mai tsawon mita 10 da faɗin mita 10. Girmansa 10 × 10, wato murabba'in mita 100. A ce an yi ruwa mai ƙarfi na milimita 30, irin wanda ba abin mamaki ba ne a watan Agusta. Ruwan da zai zubo daga wannan rufi shi ne 100 × 30, wato lita 3,000. In aka zuba shi a jarka mai lita 25, jarka 120 ke nan, ko kura 10 ta mai garuwa in kowace kura tana ɗaukar jarka 12. Wannan na rufi ɗaya ne, a ruwa ɗaya. A shekara Kano takan sami ruwan da ya kai milimita 800 ko fiye, kusan dukansa tsakanin Mayu da Oktoba. Wato rufin nan yana zubar da lita 80,000 a damina guda.

Yanzu mu faɗaɗa. A ce unguwa tana da gida 500, kowane gida rufinsa da daɓen tsakar gidansa sun kai murabba'in mita 150. Jimla 75,000. Ruwan milimita 30 a kansu lita 2,250,000 ne, kusan tankar mai 68 masu ɗaukar lita 33,000. Ba mu sa na titi da na kasuwa da na tasha ba.

Da a gona wannan ruwa ya sauka, da ƙasa ta shanye mafi yawansa. A jigawa mai ciyawa, abin da yake malala a sama sau da yawa bai wuce kashi 1 ko 2 cikin 10 ba. A kan kwano da kwalta da siminti kuwa, kashi 8 zuwa 9 ne suke gudu. Bambancin bai tsaya a yawa ba. Ruwan da ya nutse cikin ƙasa yana tafiya a hankali ta cikin yashi da tsakuwa, ƙasar tana riƙe datti kamar yadda abin tata yake riƙe dusa in ana tace gasara. Bayan makonni ko watanni sai ya ɓullo a rijiya ko a gindin rafi. Wanda ya sauka a kan kwalta babu abin da ya tace shi, kuma cikin minti kaɗan ya isa kogi da ƙarfinsa.

Shi ya sa rafin cikin gari yake da hali biyu. Ana ruwa ya cika ya tumbatsa, ya zaizaye gaɓa, ya shiga gidaje. Da rani kuma, tunda ƙasa ba ta adana komai ba, abin da yake gudana a cikinsa ruwan kwata ne zalla. Duk lokacin da wani ya malale tsakar gidansa da siminti daga bango zuwa bango, ya ƙara wa na ƙasa da shi ruwa, ya kuma rage wa rijiyarsa.

Ruwan farko

Iyayenmu mata ba sa tara ruwan farko. In hadarin farko ya zubo, sai a bar indararo ya yi ta zuba, a ce a bari ya wanke kwano tukuna. Sun san ƙurar hunturu da kashin tsuntsaye da na ƙadangare duk suna kan rufin. Wannan ilimi daidai yake, sai dai a kan rufi muka tsayar da shi. Abin da yake faruwa a kan kwano shi yake faruwa a kan gari duka.

Daga Oktoba zuwa Mayu kusan wata bakwai ne babu ruwa. Duk abin da aka zubar a waɗannan watanni yana nan kwance yana jira. Ruwan farko na damina, da kuma mintunan farko na kowane ruwa, su suka fi kowane ɗaukar datti, don su suke tarar da shi a tare. Mai son ya gani da idonsa ya tsaya a kan gada lokacin ruwan farko. Zai ga baƙin ruwa mai kauri ya fara wucewa, da leda da robobi da tsummokara a kansa, sai daga baya ja-ja-jan ruwan ƙasa ya biyo.

Abin da ido yake gani shi ne leda, musamman baƙar leda da ta fiya-wata. Leda ba ta ruɓewa. Tana haɗuwa da yashi ta toshe kwalbati, ruwa ya rasa hanya ya koma gidajen mutane da shaguna. 'Yan kasuwar Kantin Kwari ba za su manta da ambaliyar damina ta 2022 ba, wadda ta lalata kaya masu ɗimbin yawa. Amma duk da munin leda, ba ita ce ta fi haɗari ba.

Wanda ya fi ta shi ne bayan gida, na mutum da na dabba. Giram 1 na bayan gidan mutum, wanda bai kai cikin ƙaramin cokali ba, yana iya ɗaukar ƙwayoyin bakteriya miliyan 1, da ƙwayoyin bairas miliyan 10, da ƙwan tsutsar ciki 100. Ta ina yake shiga ruwan? Ta fo ɗin yara da aka juye a kwata, ta kunzugun zamani da aka jefa a bola, ta masu tsugunawa a kango da bakin rafi, ta shaddar da ta cika ta tumbatsa. Akwai kuma wata ɗabi'a da kowa ya sani amma ba a son faɗa: wasu gidaje da gangan suke buɗe bututun shaddarsu zuwa kwata in ana ruwa da dare, don su huta da kuɗin kwasa. Ma'aikatan lafiya sun san abin da yake cikin kwatocinmu sarai. Tun 2011 suke ɗibar ruwan manyan magudanan Kano, har da na Jakara da Gogau, suna kaiwa ɗakin gwaji don neman ƙwayar cutar shan-inna. Ba sai sun shiga gida-gida ba, kwata takan gaya musu cutar da take yawo a unguwa.

Sai baƙin mai. Bakanike ya juye mai daga inji, ya zubar a ƙasa ko a lambatu. Mai janareto ma haka, mai Adaidaita Sahu ma haka. Masana sun ƙiyasta cewa lita 1 ta baƙin mai tana iya ɓata ruwan sha har lita miliyan 1. Launin bakan gizo da kuke gani a kan ruwan titi shi ne. Tare da shi akwai ƙurar taya da ta birki, da ruwan batir da masu gyara suke zubarwa, mai ɗauke da dalma. Ga ruwan rini, ga jini da kayan tumbi daga wurin yanka, ga ruɓaɓɓen tumatir na kasuwa, ga kumfar omo daga gidaje da wurin wankin mota. Shi kansa yashin da aka jibge a bakin titi don gini, in ruwa ya kwashe shi, ƙazanta ne, domin yana cike kwata da cikin kogi.

Me ya sa ruwan yake baƙi?

Kifi ma numfashi yake yi. Yana shaƙar iskar oksijin da ta narke a cikin ruwa, kuma ba ta da yawa: ruwa mai tsabta a irin zafin ƙasarmu bai fi miligiram 8 yake riƙewa a kowace lita ba. Yawancin kifaye suna bukatar kamar 5. In ta sauka ƙasa da 2, sai mutuwa.

Idan jini da bayan gida da ragowar abinci suka shiga kogi, ƙwayoyin bakteriya sukan taru a kansu su ruɓar da su, kuma da oksijin suke wannan aiki. In dattin kaɗan ne, kogi yana iya wanke kansa, don iska tana sake shiga yayin da yake gudu. In ya yi yawa, oksijin ta ƙare ƙaf. Daga nan wasu irin ƙwayoyi da ba sa bukatarta su karɓi aikin, su kuwa iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai suke fitarwa. Wannan iska in ta haɗu da ƙarfen da yake cikin laka, sai lakar da ruwan su yi baƙi. Saboda haka baƙin ruwa mai wari alama ce ta kogin da numfashinsa ya ɗauke. Tarwaɗa takan jure fiye da sauran kifaye, don tana iya ɗago kai ta shaƙi iskar waje. Ganin tarwaɗa a ruwa ba shaida ba ce ta lafiyarsa.

A can ƙasa, inda ruwan ya tsaya a madatsa, wata matsalar ce. Fitsari da kashi da sabulu taki ne. Takin da yake sa masara ta yi kyau shi yake sa gansakuka da kainuwa su rufe fuskar ruwa. In sun mutu su ma su ruɓe, su ƙara cinye oksijin ɗin da ya rage. Masunta ne suke fara ganin abin a komarsu.

Yadda abin yake dawowa

Mai zuba shara a kwata yana cewa ruwa zai tafi da ita. Gaskiya ne, zai tafi da ita, amma ba nisa.

A gaɓar Jakara da Getsi akwai lambuna masu yawa, a wurare irin su Kwakwaci da Gama. Da wannan ruwa ake ban-ruwan latas da kabeji da alayyafo da karas da albasa, a kai kasuwa, mu saya. Bai kamata a ɗora wa mai lambu laifi ba. Ruwan da ya samu ke nan, ba ya yankewa ko da rani, ga shi da taki a cikinsa, kuma da sana'ar yake ciyar da iyali. Ba shi ya ɓata ruwan ba. Amma masu bincike daga Jami'ar Bayero da wasu jami'o'i sun sha auna ruwan da ƙasar da ganyen waɗannan wurare, suna samun ƙarafa masu guba irin su dalma da kadmiyam da kuromiyam, wanda masana'antun jima suke aiki da shi. Ƙwayar cuta tana mutuwa in an dafa ganye. Dalma ba ta dahuwa. Taruwa take yi a jiki kaɗan-kaɗan, kuma ƙananan yara ta fi yi wa illa, don tana taɓa ƙwaƙwalwa.

Hanya ta biyu ita ce rijiya. Rijiyar da bakinta yake daidai da ƙasa, ko ba ta da murfi, in tsakar gida ta cika sai ruwan kwata ya gangara ciki. Ko bai shiga ta baki ba, da damina ruwan ƙarƙashin ƙasa yana tasowa, ya haɗa ramin shadda da rijiya in suna kusa. Ƙa'idar masu kula da lafiya ita ce a bar aƙalla mita 30 tsakaninsu. A gidajenmu na cikin birni wannan tazara ba ta samuwa, ko ka nisanta da taka shaddar, ta maƙwabci tana bayan katanga. Bututun famfo ma da ya bi ta cikin kwata, in ya tsage, yakan zuƙi ruwan kwatar a lokacin da aka ɗauke ruwa. Wannan ne ya sa amai da gudawa da taifot suke yawaita da damina. A 2021 mutum fiye da 100,000 aka yi zaton sun kamu da kwalara a Nijeriya, fiye da 3,000 suka rasu, kuma Kano tana cikin jihohin da abin ya fi shafa.

A nan akwai abin da ya kamata a lura. Duk wanda ya yi karatun Ahalari ko Ishmawi ya san cewa ruwan da najasa ta canza masa launi ko ɗanɗano ko wari ba a tsarki da shi. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana yin fitsari a ruwan da yake tsaye, ya kuma yi gargaɗi a kan yin bayan gida a mashaya da kan hanya da inuwar da mutane suke zama. Mai juye ƙazanta a kwata ya duba ko bai faɗa cikin wannan gargaɗi ba. Amma hukuncin tsarki daban, lafiyar sha daban. Ruwa yana iya zama garau, babu wari babu ɗanɗano, alhali akwai kwalara ko dalma a cikinsa. Ruwan rijiyar cikin gari da damina, a tafasa shi ko a sa masa kulorin kafin a sha, komai kyansa a ido.

Kududdufi da kankare

A da tsohon birnin Kano cike yake da kududdufai, ramukan da aka haƙa ƙasar gini a cikinsu. Ba wanda ya haƙa su don ambaliya, amma sun yi wannan aiki ɗaruruwan shekaru. In an yi ruwa su tare shi, laka da datti su kwanta, wani ya nutse ƙasa, saura ya wuce a hankali. Da ƙasa ta yi tsada sai aka bi su ana cikewa da shara ana yanka filaye. Na san kududdufi yana da nasa aibin, ga sauro, ga yaran da suke faɗawa. Amma wanda ya cike kududdufi bai kashe ruwan da yake taruwa a cikinsa ba. Ruwan zai zo, kuma ɗakin wani zai nema.

A zangon mulkin Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso na biyu (2011–2015) aka fara aikin gine Jakara da kankare a cikin birni da shimfiɗa titi a kanta, wanda aka fi sani da titin Wuju-Wuju. Maƙwabtan wurin suna da dalilin maraba da shi, domin zama kusa da buɗaɗɗen ruwa mai wari ba daɗi. Sai dai mu fahimci abin da kankare yake iyawa da wanda ba ya iyawa. Yana sa ruwa ya wuce da sauri. Ba ya tace shi. Abin da ya shiga ta sama haka zai fita ta ƙasa, ga shi kuma yasar rufaffiyar magudana ta fi ta buɗaɗɗiya wuya. Birnin Seoul na Koriya ta Kudu ya bi wannan hanya: daga 1958 aka fara rufe rafin Cheonggyecheon da ya zama kwata, har aka ɗora masa gadar sama. A 2003 suka rushe gadar, a 2005 suka sake buɗe rafin, bayan sun ware wa ruwan ƙazanta hanyarsa daban. Wannan rabuwa ita ce asalin maganin, a rufe kogi yake ko a buɗe.

To, me za mu yi?

Babban aikin na hukuma ne, kuma kada a yaudare mu a ce duk laifin talaka ne. Matar da motar shara ba ta taɓa zuwa layinsu ba, ina za ta kai shararta? Kwashe shara a Kano aikin hukumar REMASAB ne. Hana gini a kan hanyar ruwa aikin hukumar KNUPDA ne. Sa ido a kan abin da masana'antu suke zubarwa yana wuyan Ma'aikatar Muhalli da hukumar NESREA ta tarayya, wadda aka kafa a 2007. Leda ma doka tana iya maganinta, Ruwanda ta haramta ta a 2008, Kenya a 2017. Unguwar da ta rubuta takarda, mai unguwa da limami da ƙungiyar matasa suka sa hannu aka kai wa kansila, ta fi wadda take ƙorafi a majalisa kusa da samun biyan bukata.

Amma akwai abin da yake hannunmu tun yau. Na farko, a daina fito da shara in hadari ya haɗo. Wanda yake ba yaro ko almajiri kuɗi ya zubar masa da shara, ya tambaye shi ina yake kaiwa. Sau da yawa amsar ita ce kwalbatin bayan layi. Fo ɗin yara a masai ake juye shi. Bakanike ya tara baƙin mai a jarka, akwai masu saye. Mai gini ya kewaye yashinsa da bulo.

Yasar kwata kuwa sai an yi ta da lura. Mun saba a fito aikin gayya ranar Asabar ta ƙarshen wata, a yashe kwata, a tara baƙar laka a bakinta, kowa ya koma gida yana jin ya yi aiki. Kwana biyu awaki da yara da tayar mota sun baje ta, ruwa na gaba ya mayar da ita inda ta fito. In ba a shirya baro ko motar da za ta kwashe ba, rabin aiki aka yi. Kuma lokacin babbar yasa shi ne Afrilu, kafin ruwan farko, ba Agusta ba bayan ruwa ya riga ya shiga ɗaki.

Sai rage ruwan da yake fita daga gida. A bar ruwan farko ya wuce, sannan a tara a duro ko tanki, a rufe saboda sauro. Duro mai lita 200 ba komai ba ne a gaban lita 3,000, amma ruwan wanki ne na kyauta, kuma gida 500 in kowa ya cika duro ɗaya, lita 100,000 ce ba ta shiga kwata ba. Mai shirin daɓe tsakar gida ya bar wani ɓangare ƙasa, ya dasa bishiya. Mai fili ya haƙa rami ya cika shi da tsakuwa ya juya indararo can, amma ya nisanta shi da gindin bango aƙalla mita 3, musamman in ginin ƙasa ne, ya kuma nisanta shi da shadda. A ɗaga bakin rijiya, a yi mata murfi.

Mai lambu zai rage haɗari in ya fara tara ruwan a rami ya kwanta kafin ya ɗiba, ya zuba a gindin shuka maimakon kan ganye, ya kuma dakatar da ban-ruwa kwana biyu ko uku kafin ya cire kaya in shukar za ta jure. Uwargida kuma ta cire ganyen waje na latas da kabeji, ta wanke saura da ruwa mai tsabta ana canzawa. Barbaɗa gishiri kaɗai ba ya kashe ƙwayoyin cuta yadda ake zato.

Tambayoyi

1. Mene ne bambanci tsakanin ƙazantar da take fitowa daga bututun masana'anta da wadda ruwan sama yake tattarowa? Wacce ta fi wuyar hanawa, kuma me ya sa?
2. Rufin wani aji yana da tsawon mita 12 da faɗin mita 8. An yi ruwan milimita 25. Lita nawa ta zubo? Jarka nawa ke nan mai lita 25?
3. Yi bayanin yadda jini da ragowar abinci suke kashe kifi, alhali su ba guba ba ne.
4. Maƙwabcinka ya ce ruwan rijiyarsa garau yake, ba sai an tafasa ba. Me za ka ce masa?
5. Ku tattauna a aji: akwai kududdufin da aka cike a unguwarku? Ina ruwansa yake zuwa yanzu?

Aikin gida

Kowa ya nemi gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, wanda bakinsa da gindinsa faɗinsu ɗaya, ya ajiye shi a fili nesa da bango da bishiya da indararo. Bayan an ɗauke ruwa a auna zurfin abin da ya taru da rula, a rubuta milimita nawa ne. Sannan a auna tsawo da faɗin rufin ɗaki ɗaya, a yi lissafin litar da ta zubo daga kansa. Wanda ba shi da rula ya tsoma tsinke, ya karya shi daidai inda ya jiƙe, ya zo da shi aji mu auna tare.